Ta-Sama Ta Ajiye Aiki da Kanta

Ta ɗora babban yatsanta a kan gilashin injin da ke bakin ƙofa, injin ya yi ɗan kuka ya kawo ja. Ta goge yatsan a gefen zaninta ta sake ɗorawa. Ja. Ba yau aka fara ba. Ruwan wankin bayi ya daɗe da cinye zanen yatsunta, wani lokaci sai ta hura wa yatsan iska, ta shafa shi a goshi ya ɗan samu maiƙo, kafin injin ya yarda cewa ita ce. Ta yi duk wannan. Ja dai.

"Sajan, abin nan naku ya tashi da aljanunsa. Taso ka buɗe mini."

Mai gadin yana zaune a kan bencinsa yana kallon takalminsa kamar yau aka ba shi aronsa. Tsohon soja ne, kuma kullum shi ke fara tsokanarta da safe, ya ƙame ya sara mata ya ce ga mai bene ta iso. Yau ko ɗagowa bai yi ba.

"Mama, ni na ɗauka kayanki kika zo kwashewa."

"Wane kaya?"

"To, ba kin ajiye ba?"

"Na ajiye me? Buɗe baki ka yi magana mana, kana ta tauna harshe kamar akuya."

"Aiki," in ji shi.

Ta-Sama ake ce mata a kamfanin, don ita ke share hawa na sama, inda ofishin Manaja da ɗakin taro suke. Tun ginin yana warin sabon fenti take wannan aiki. Manajoji sun zo sun tafi, an sauya kujeru, an sauya labule, daga baya aka cire labulen gaba ɗaya aka rataya wasu ƙarafa masu tara ƙura, ita tana nan. Kowa ya san bakinta. Ba ta iya ganin ƙazanta ta yi shiru, ko ɗan wane ne ya yi ta. Amma da Sajan ya ce aiki, sai ta nemi bakin ta rasa. Ba faɗuwar gaba ta ji ba. Ji ta yi kamar yadda ƙafa take yi in an daɗe a zaune a kanta, ka taɓa ka ji kamar ta wani ce.

Sajan ya ɗauko katin baƙi mai igiya ya miƙa mata, yana kallon gefe. Ta rataya a wuya. Ya buɗe mata ƙofar da nasa yatsan.

A ƙarƙashin matakalar bene akwai ɗan ɗakin da suke ajiye bokitai da mofa. Nan ta iske abokiyar aikinta, wadda ake ce wa Ta-Ƙasa, tana tsiyaya sabulun ruwa a bokiti. Wata riga ce ruwan ɗorawa a jikinta, da tambarin wani kamfani daban a ƙirji.

"Ke kuma wannan rigar fa? Tallan katin waya kika koma?"

Ta-Ƙasa ta ajiye jarkar. "Ikon Allah. 'Yar uwa, me kika zo yi?"

"Abin da nake zuwa yi kullum."

Ta-Ƙasa ta dube ta, ta dubi katin baƙin da ke wuyanta, sannan ta janyo ta ciki ta tura ƙofa. Ta yi mata bayani ƙasa-ƙasa. Makon jiya an rubuto saƙo a guruf ɗin ma'aikata na waya. An ce daga sabon wata kamfani ya ba wasu 'yan kwangila aikin shara. Duk mai son a mayar da shi wurinsu ya je ya ga Madam ta ofishin ma'aikata kafin mako ya ƙare. Wanda kuma ya gaji, ya yarda ya ajiye aiki da kansa, to ya nuna alama a ƙarƙashin saƙon.

"Ni ɗana ya karanta mini, ban ko karya ba na tafi wurin Madam. Da muka duba sai ga yatsanki, ke ce ma ta farko. Na ce wa ɗan nawa, ka ga Ta-Sama ta huta, gwiwar nan ta ishe ta."

"Kuma muna haɗuwa a famfo kullum, ba ki ce mini komai ba."

"Ke da kike gaba da ni a kan bokitin nan shuɗi? In na gaishe ki da ka kike amsawa. Na ce bari in bari sai ranar sallama."

Maganar yatsan nan tana da asali. Lokacin da aka buɗe guruf ɗin aka sa har masu shara, Ta-Sama ta samu wurin magana. Ba ta yi boko ba, ko sunanta ba ta ganewa a takarda, amma ta iya danna wurin ɗaukar murya. Sai ta riƙa turo saƙo tun da safe: wanda ya yi fitsari a kan murfin masai ya ji tsoron Allah, wanda yake manna cingam a ƙarƙashin teburin taro ta san shi, kuma gobe za ta kama suna. Wata rana ta kama sunan. Ma'aikata suka yi ta dariya suna tura wa juna, har abin ya fita waje. Sai Manaja ya kafa doka, ba murya a guruf, rubutu kawai. Ta sami shugaban masu shara na lokacin ta ce masa, to ita fa da ba ta karatu? Ya karɓi wayarta ya nuna mata ɗan hoton hannu mai ɗage da babban yatsa. Ya ce duk saƙon da ya shigo ta danna wannan, a san ta gani. In abin ya shafe ta, shi zai hau sama ya faɗa mata da baki. Kuma ya riƙa hawa, Allah ya saka masa. Sai bara ya samu wani aiki ya tafi. Ya miƙa makullai, ya miƙa sito, amma wannan alkawarin bai miƙa wa kowa ba. Ita kuwa ta ci gaba da dannawa. An yi wa wane haihuwa, ta danna. Za a ɗauke ruwa, ta danna. An yi rasuwa ma dannawa take yi.

"Katin fa?" ta ce.

"Wane kati?"

"Na asibiti."

Ta-Ƙasa ta sunkuya ta kama matse mofar da ba ta jiƙa ba. Kowa a ɗakin nan ya san zancen katin. Mijin Ta-Sama tsohon direba ne, ciwon suga ya zaunar da shi ya kuma ci rabin ganinsa. Allura ake yi masa safe da yamma, kuma da katin asibitin kamfani take karɓo ta. Albashin shara ba ya sayen wannan allura. Yau da safe da ta ɗaga kwalbar a haske, abin da ya rage bai fi ya rufe gindinta ba.

Ba ta shiga lif ba, ta bi matakala kamar kullum, tana dafa gwiwa. A hanya ta yi ta gamuwa da mutanen da ta san kofin shayin kowannensu. Babu wanda ya yi mata rashin kunya. Wannan ya ɗan rusuna ya wuce da sauri. Waccan ta hango ta sai wayarta ta zama abin kallo. Wani akawu da ta taɓa wanke masa riga a ɓoye ranar da ya yi amai a ofis, ya dafa ƙirji ya langaɓar da kai, irin gaisuwar da ake yi wa wanda aka yi wa mutuwa. Ta amsa masa da ka.

A hawa na sama wata yarinya mai riga ruwan ɗorawa tana goge gilashin ɗakin taro da jiƙaƙƙen tsumma. Zai bushe ya bar zane. Ta-Sama ta gani ta wuce.

Ƙofar Manaja a buɗe take kaɗan. Ta yi sallama ta shiga. Yana tsaye wajen taga, hannu ɗaya a aljihu. Ya juyo ya gan ta, ya ɗaga mata hannu ya gyaɗa kai. Ta ɗauka izini ne. Ba ta zauna ba, don ba ta taɓa zama a kujerun nan ba, goge su kawai take yi.

"Ranka ya daɗe, ƙara na kawo, kuma kai na kawo ƙara wurinka. Kai ka hana ni magana a waya. Ka ce rubutu. Ni ban iya rubutu ba, kowa a gidan nan ya sani, har ɓerayen sito."

"Haka ne," in ji Manaja.

"Aka ce in riƙa danna yatsa. Na danna. Yau an wayi gari an ce wai na ajiye aiki da kaina. Yaushe? A gaban wa? Ko kaza za a kora daga gida ai sai an ce mata kur."

"A'a, gaskiya wannan bai yi ba." Ya girgiza kai, ya haɗa gira.

Wani abu ya ɗan motsa a ƙirjinta. Sai maganar ta ɓalle. Ta gaya masa zancen shugabansu da ya tafi. Ta gaya masa zancen maigidanta, da ƙafarsa da ta fara yin baƙi shekaran bara har likita ya yi maganar yankewa, da yadda allurar ta tsayar da abin. Ta gaya masa 'yarta Auta ce mai karanta mata abu, kuma ta yi aure ta bi miji wani gari. Abin da ko Ta-Ƙasa ba ta sani ba, ta faɗa. Yana ta gyaɗa kai, idonsa a kanta, wani lokaci ya lumshe su.

"Ba za mu yarda da wannan ba," ya ce. "Sam."

"Allah ya yi maka albarka."

"Ku gaya musu ko su sauke kayan a farashin da muka yi, ko su juya da motarsu. Ka kira ni in sun amsa."

Ya kai hannu kunnensa na wajen taga, ya zaro wani ɗan farin abu kamar ƙwayar magani ya ajiye a kan tebur. Fuskarsa ta washe.

"Mama! Sannu da zuwa. Yi haƙuri, ina kan waya da mutanen sito. Sallama aka zo yi mana? Wallahi za mu yi kewarki."

Ta tsaya tana kallon ɗan farin abin. Sau nawa ta tsince shi a ƙarƙashin kujera ta ajiye masa a kan takardu. Ta buɗe baki don ta sake daga farko, sai ta ji babu komai a ciki. Duk ta zubar.

"Ban ajiye aiki ba," ta ce. Iyakar abin da ya fito ke nan.

"Af. To, wannan ai maganar Madam ce. Je ki same ta, yanzu zan tura mata saƙo." Kafin ya rufe baki yatsunsa sun hau waya. Da ɗayan hannun ya nuna mata ƙofa, tafin a buɗe, cikin ladabi.

Madam ba ta daɗe da zuwa kamfanin ba. Mace ce mai sanyin murya, ba za ta girmi Auta da yawa ba. Ta taso daga bayan teburinta ta zagayo, ta ja kujera kusa da Ta-Sama har gwiwoyinsu suka kusa haɗuwa. Ta kifa wayarta a kan tebur yadda Ta-Sama za ta ga ta kifa. Ta tura kwalin takardar share hawaye gabanta. Ta karkatar da kai gefe guda, ta haɗa yatsu a cinya. Da gani ka san koya mata aka yi, har da inda za ta ajiye ido.

"Ina jin ki, Mama. Ki saki jiki."

Ta-Sama ta leƙa kunnuwanta tukuna, na dama da na hagu. Sannan ta faɗi abin da ya faru, a gajarce, kamar mai ba da labarin maƙwabciya.

"Na fahimce ki," in ji Madam. "Na fahimci yadda kike ji."

"Yaya nake ji?"

Madam ta miƙa hannu kan teburin. Sai ta juyo da fuskar kwamfutarta. Ga rubutu nan dogo, baƙi-baƙi kamar jerin tururuwa. A ƙarƙashinsa ga ɗan hannun nan.

"Wannan lambarki ce?"

"In kin ce."

"Ke kika danna, ko wani ya ɗauki wayarki?"

"Ni na danna. Ba na ƙarya. Amma 'yar nan, ki dube ni da kyau. Na yi miki kama da mai karanta wannan?"

"Ni ba a sanar da ni ba, Mama. Babu inda aka rubuta cewa ba kya karatu."

"Wa zai rubuta? Ni?"

Madam ta sake karkatar da kai, wannan karon ɗaya gefen. Ta ce ta ji zafin abin ƙwarai. Ta ce sunayen sun riga sun tafi babban ofis, 'yan kwangila kuma sun cike gurabensu, har sun ce ba sa ɗaukar wanda ya kai shekarunta. Ta ce Ta-Sama tana da hakkin ta ƙi yarda, ta shigar da ƙorafi, kuma ita da kanta za ta taya ta rubutawa. Za a kafa kwamiti. Lauyan kamfani zai duba. Tana iya yin nasara ma, don ga dukkan alamu an yi kuskure.

"To a rubuta."

"Sai dai in gaya miki gaskiya. Muddin ana bincike, komai naki tsayawa yake yi. Har katin asibiti."

"Har yaushe?"

"Ba a sa wa kwamiti rana."

Esi yana ta hura sanyi a kan wuyan Ta-Sama. Ta lura an bar tabon kofi a gefen teburin, zagayayye, ya bushe.

"Akwai wata hanyar," in ji Madam, ta rage murya. Ta ce kamfani yana da tsarin karrama tsofaffin ma'aikatan da suka ajiye aiki don ra'ayin kansu. Ana ɗaukar su hoto da Manaja, a sa a shafin kamfani na intanet da kalmomin godiya, duniya ta ga yadda ake rabuwa da mutane cikin mutunci. Wanda ya shiga tsarin, ana bar masa katinsa yana aiki har ƙarshen shekara.

"In tsaya a ɗauke ni hoto, a ce da kaina na tafi."

"A ce an karrama ki."

"Bayan ƙarshen shekara fa?"

Madam ta buɗe tafukan hannunta biyu ta sake haɗe su.

A da, da nan ne ginin zai ji muryar Ta-Sama tun daga sama har bakin titi. Ita kanta jira take yi ta ji abin ya taso. Ta san hanyarsa, daga ciki yake farawa, ya hau ƙirji, ya zo wuya da zafi. Ta saurara. Shiru. Abin da kawai take gani shi ne gindin kwalbar nan a hasken taga, da ɗan ruwan da ya kwanta a gefe guda in an karkata ta. An cuce ta, ta sani. An cuce ta da rana tsaka, kuma babu wanda ya ɗaga murya, babu wanda ya harare ta, ba ta ma san wanda za ta kama ba. Kowa sannu yake ce mata.

"Yau katin zai yi aiki?"

"Da zarar hoton ya hau."

"Kira mai hoton."

A wurin karɓar baƙi aka yi, gaban bangon da aka rubuta sunan kamfani da manyan haruffa. Mai kula da shafin kamfanin ta sauko da waya a kan wani ɗan sanda mai ƙafa uku. Mace ce mai fara'a da saurin magana. Ta cire wa Ta-Sama katin baƙi daga wuya, ta gyara mata mayafi, ta ce ta ɗan juya kafaɗa, kada ta harɗe hannu, harɗe hannu yana nuna mutum yana cikin fushi. Ta zaro furannin roba daga tulun da ke kan kanta ta ɗora mata a hannu. Akwai ƙura a bayan ganyen. Sannan aka kawo wani kwali babba naɗe da takarda mai ƙyalli da jan zare. Da Ta-Sama ta karɓa sai hannunta ya yi sama, don ta shirya wa nauyi.

"Babu komai a ciki."

"Na hoto ne, Mama. Da shi muke yi wa kowa."

Aka tara ma'aikatan da ke kusa su tsaya a baya. Akawun nan ya zo. Ta-Ƙasa tana leƙe daga ƙarƙashin bene, aka ce ta matsa, rigarta ba ta kamfani ba ce. Manaja ya fito daga lif yana gyara wuyan riga, ya tsaya gefenta ya kama ɗaya kusurwar kwalin.

"An daidaita ko, Mama? Madalla. Na san Madam ba ta da matsala."

"To kowa ya kalle ni," in ji mai hoton. "Mama, murmushi."

Ta-Sama ta kalli wayar.

"Murmushi, Mama. Ki tuna wani abin daɗi. Jikoki!"

Ba gardama take yi ba. Ta yi niyya, ta aika wa fuskar saƙo, fuskar ce ba ta amsa ba. Ta ji kumatunta kamar tsumman da ya kwana a rana. Ta ɗan ja leɓe, haƙori ɗaya ya fito.

"Kai, a'a, wannan kamar ciwon haƙori. Sake."

"Haka fuskata take."

Wani a baya ya yi dariya ya haɗiye. Manaja ya duba agogo. Mai hoton ta ɗauka, ta sake ɗauka, ta duba, ta taɓe baki.

"Ba komai, ku tafi. Zan gyara."

Mutane suka watse kamar an kaɗa musu ƙararrawa. Aka karɓe kwalin, aka mayar da furannin cikin tulu. Ta-Sama ta shiga ɗan ɗakin ƙarƙashin bene ta ɗauki silifas ɗinta na aiki, da sallayarta, da kofin roba. Ta-Ƙasa tana tsaye tana share ido da wuyan sabuwar rigarta.

"'Yar uwa, ki yafe mini. Da na sani ko ta taga ne da na yi miki magana."

"Bokitin shuɗin yana yoyo ta gindi," in ji Ta-Sama. "Kada ki cika shi."

A bakin ƙofa Sajan ya miƙe ya ƙame ya sara mata. Wannan karon ba da wasa ba. Ta wuce.

Bas ɗin ya cika, ta samu gefen kujera kusa da wata mata mai kwandon kaji. Kowa da waya a hannu. Wani yana faɗa da wanda ba ya nan, yana nuna iska da yatsa. Tata wayar tana ƙulle a bakin zani. Da can war haka ta yi ƙara ta gaji, yau ko motsi. Ta gane an fitar da ita daga guruf ɗin. Kwandasta ya taɓa kafaɗarta sau biyu kafin ta tuna ba ta biya ba.

A asibiti ta bi layin ɗakin magani. Da ta iso taga ta tura katin ta ƙarƙashin gilashi. Ma'aikacin ya goga shi a inji, ya jira, ya sake gogawa. Ta dafa kantar da hannu biyu. Sai ya juya ya buɗe firij, ya ɗauko kwalaben ya sa mata a leda da ƙanƙara. Ta karɓa ta juya.

La'asar ta wuce lokacin da ta shiga gida. Maigidan yana zaune a kan tabarma a bakin ƙofar ɗaki, ƙafarsa a kan matashi, rediyo a gefe.

"Maman Auta, yau kin yi yamma. Ko Manajan ne ya riƙe ki kuna taro?"

"Layin asibiti ne."

"An samu?"

"An samu."

"Alhamdulillahi."

Tana wanke hannu wayar ta yi ƙara. Auta ce, muryarta har maigidan yana ji daga inda yake.

"Mama! Ritaya kika yi ba ki gaya wa kowa ba? Sai a shafin kamfaninku zan gani? Ƙawata ce ta turo mini. Mutane sai yabo suke yi, ana ta sa albarka. An ce uwa ce ga kowa, wai kin ce lokaci ya yi da za ki huta ki ji da jikoki. Mama, ashe kin iya magana haka? Ga shi nan na turo miki, ki buɗe."

Ta-Sama ta kashe. Hoton ya shigo. Ga Manaja, ga kwali, ga furanni sun yi ja kamar na gaske. Ga wata mata a tsakiya sanye da mayafinta. An goge mata layukan goshi. An ɗaga mata kumatu, an buɗe leɓunan, haƙora farare reras, har idanun sun ƙanƙance don daɗi. Ta daɗe tana kallon matar.

"Ritaya?" in ji maigidan. "Ke da wa kuka yi shawara?"

"Gwiwar ce ta ishe ni."

"Katin fa?"

"Yana aiki."

Ya gyara zama. Sannan ya miƙo hannu. "Mu gani."

Ta ba shi. Ya kai wayar dab da hancinsa, ya rufe idon da ya mutu, ya karkata ta wajen haske. Ya daɗe a haka. A hankali bakinsa ya fara buɗewa, har ya yi 'yar dariya ta cikin maƙogwaro.

"Kai, kai, kai. Ji yarinya. Rabon da in ga wannan dariyar tun muna gidan haya na bakin tasha, lokacin da nake dawowa daga doguwar tafiya." Ya shafa gilashin da yatsa. "Ki ce wa Auta ta wanko mana shi babba, a rataya a ɗaki inda zan riƙa gani. Ashe dai mutanen nan sun san darajar mutum. Me suka ce miki haka, har kika saki fuska?"

Ta-Sama ta fasa ledar, ta ɗauko kwalba ɗaya mai sanyi ta murza ta a tafin hannu. Ta soka allurar, ta ja ruwan, ta ɗaga a haske ta ƙyasta da farce har kumfar ta hau.

"Ɗaga rigarka," ta ce.